Neman Ƙafafun Hamma a Indiya

A Addis Ababa na fara gane cewa tafiyar nan ba irin wadda na saba ba ce. Fasinjoji suka fice suka bar mu a jirgi, ni da Hamma, muna jiran ɗan siririn keken da ke shiga tsakanin kujeru. Da aka kawo shi, ma'aikata biyu suka tsaya suna kallona, ni ma ina kallonsu. Jira suke in ɗaga ɗana in ɗora. Ni kuwa tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa ba. Da suka ga ba ni da niyya, suka kama shi, ɗaya a hammata ɗaya a gwiwa, ni na bi su da jaka.

Hamma ɗana ne na fari. Sunan mahaifina aka sa masa, ƙannensa ne ke ce masa Hamma, wato yaya da Fillanci, ni ma na ari bakinsu. Kakanmu Bakano ne, mahaifiyata Bafillatana, saboda haka kunyar ɗan fari ta gefe biyu muka gada. A ɗakin Inna, mahaifiyata, ya tashi a gidanmu na unguwar Mayo Gwoi. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, in na shigo zaure zai miƙe ya fita. Da ya girma na jawo shi harkar riɗi da waken suya, amma ko a nan yawancin maganarmu ta bakin ƙanena Sale take bi. Ranar da ya faɗo daga saman mota yana ɗaure tamfol a garin Mutum Biyu, Sale aka kira. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe a bayansa, likitoci suka ce laka ta taɓu. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai. Duk watannin da ya yi kwance a gida, Sale ne ke wanke shi, shi ke juya shi. Nawa shi ne in tsaya a bakin ƙofa da safe in ce, “Ya jikin?” ya ce, “Da sauƙi, Baba,” in wuce kasuwa.

Sale ya kamata ya yi rakiyar, sai aka hana shi biza. Ni aka ba.

Abin da ya fitar da mu daga gida hoton bidiyo ne da wani abokin ciniki ya turo mini: mutum yana tashi daga keken guragu yana takawa, mata na kuka. A ƙasa da lambar wani Kabiru. Ni da ba na sayen buhu sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke gindinsa, na sayar da babbar motata a kan wannan hoton. Ƙafar Hamma nake so, ba wani abu ba.

Kabiru ya tarye mu a Delhi. Ɗan Kano ne, karatu ya kai shi, ya bar karatun ya zama mai kai marasa lafiya asibiti. Fes da shi, ga turare, ga baki.

“Alhajin Allah! Sannu da hanya. Wannan ne angon namu? Wallahi da ƙafarsa zai hau jirgin komawa, ni zan riƙe masa jaka.”

Hamma ya yi murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin faɗuwar.

Garin ya ishe ni tun a mota. Hon ba ya tsayawa, sama ba ta da launi, iskar kamar an ƙona taya a bayan gida. Masaukin da Kabiru ya kai mu bene ne a wani lungu, cike da baƙi masu jinya: Larabawa, 'yan Somaliya, 'yan Afganistan. Ɗakinmu gado biyu, taga ɗaya mai kallon bango. Katifar kamar an shimfiɗa zane a kan allo.

Washegari muka wuce ta gaban katafaren asibitin da na gani a bidiyo, motar ba ta tsaya ba. Ta zagaya baya, ta shiga wani layi, ta tsaya gaban wani gida mai hawa uku.

Na ce, “Kabiru, ba can ba ne?”

“Reshensu ne, Alhaji. Can hayaniya ce, nan ake ainihin aikin.”

Na san wannan amsar, na sha ba da irinta a kasuwa.

Likitan mutum ne mai fara'a, agogonsa ya fi teburinsa kyau. Ya yi bayani, Kabiru na fassarawa. Wai a cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba, kamar iri da ba a shuka ba. Za a zuƙo ɓargon Hamma daga ƙashin ƙugu, a tace a na'ura, a ware waɗannan ƙwayoyin, a yi masa allurarsu a gadon baya. Su za su je inda lakar ta lalace su gyara jijiyoyin. Allura biyu ce, ta farko yanzu, ta biyu bayan 'yan makonni.

Na ce, “Tambaye shi, in bai tashi ba fa?”

Kabiru ya yi magana, likitan ya yi doguwar amsa yana juya hannu.

“Ya ce waraka ta Allah ce.”

Turancina na kasuwa ne, amma na san yadda ake kiran Allah da Turanci, kuma ban ji an kira shi ba. Da muka fito Kabiru ya ce ya manta wayarsa, ya koma ciki. Wayar na aljihun gabansa, ina ganin kanta. La'ada ya koma karɓa. Ban ji haushin wannan ba, da la'ada na gina gidana. Abin da ban sani ba shi ne ko kayan da yake dillanci na ƙwarai ne.

Aka yi allurar farko. Da safe suka zuƙi ɓargon, bayan azahar suka mayar masa ta baya. Ya yi kwana biyu da ciwon kai mai sa amai, sannan suka sallame mu zuwa masauki, wai mu jira ta biyu. Wani mai motsa jiki zai riƙa zuwa kullum da safe.

A nan zaman ya zama zama. Ni da ɗan da ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba, ga mu gado na kallon gado. Sale ya ja mini kunne kafin mu taso: “Yaya, a riƙa juya shi, kar ya daɗe a gefe ɗaya.” Na tambayi Hamma, idona na kan taga.

“Na iya da kaina, Baba. Bappa Sale ya koya mini.”

Na ji daɗin amsar, ban sake tambaya ba. In lokacin wanka ya yi sai in kawo bokiti da tawul in ajiye kusa da gadon, in fita in zauna a matattakala har ya kira. Robar fitsarinsa shi ke canzawa. Mai motsa jikin kuwa sauri yake, zai lanƙwasa ƙafa ya miƙe ta cikin wando, ya duba agogo, ya tafi.

Abinci ya gagare mu. Komai an cika masa kayan ƙamshi har ka rasa me kake ci. Hamma ya koma shayi da burodi. Ni a matattakalar nan nake zama in tuna kunun gyaɗan Inna, da kindirmon da matan Fulani ke kawowa ƙofar shagona, da yadda duwatsun Kona ke yin shuɗi in hadari ya haɗo. Ban taɓa sanin ina kallon duwatsun nan ba sai da na rasa su.

Wata safiya mai motsa jikin ya yaye bargo, ya kama tafin ƙafar Hamma, sai ƙafar ta zabura. Ta harba, ta yi rawa, ta harba kuma. Mutumin ya yi tafi. Ni na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Aka kira Kabiru, Kabiru ya kira likita, ya sa wayar a kunnena ina jin dariyar likitan.

“Alhaji, ƙwayoyin sun kama aiki! Ya ce wasu sai bayan ta biyu ake ganin haka. Yaronka jininsa mai kyau ne.”

Na aika saƙon murya gida. Aka mayar mini da guɗar Inna. Ranar aka yanka rago aka raba sadaka a unguwa. Hamma na kwance yana kallon silin. Na ɗauka kunya ce.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani dattijo ɗan Sudan, Haj Abakar, da ya kawo matarsa wankin ƙoda. Ran nan ya ji ina waya sai ya tsaya, ya ce, “Bahaushe ne kai?” Kamar in rungume shi. Kakanninsa ne suka tashi daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙasa, suka yada zango a Mai Wurno, ba su ƙarasa ba, ba su komo ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Da yamma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwano a hannu: tuwon da suke kira asida, da miyar busasshiyar kuɓewa. Hamma ya ci har ya suɗe hannu.

Haj Abakar ya zauna a bakin gadona yana hira, amma na lura hancinsa na motsi. Da zai tafi ya ce in raka shi. A matattakala ya tsaya.

“Ɗan'uwa, wa ke juya yaron nan?”

“Shi ke juya kansa.”

“Ka gani da idonka?”

Na ce ban gani ba.

“Ɗan fari ne?”

Na ce e.

Ya gyaɗa kai. “Mu ma muna da wannan. Babban ɗana har ya yi gemu ban kira sunansa ba. Amma a can akwai baffa, akwai kawu, akwai kaka. Nan kai ne baffan, kai ne kakar. Ɗakinku warin nama yake yi. Koma.”

Na kwana biyu ina jin warin, na ɗora wa magudanar banɗaki laifin. Muka koma tare. Na tsaya a kan Hamma, na ce zan duba bayansa.

“Baba, don Allah a'a. Bari in warke tukuna.”

Na taɓa goshinsa, karo na farko. Zafi kamar murfin tukunya. Haj Abakar ya kama ƙafafu, ni na kama kafaɗa, muka kifa shi. Yana kuka yana riƙe wandon, na ɓamɓare yatsunsa.

A ƙasan gadon baya, inda ƙashi ke danne katifa, akwai rami. Faɗinsa ya kai tafin hannuna. Bakinsa baƙi, cikinsa ruwan toka, yana tsatsar ruwa mai wari, zanen gadon ya manne a ciki. Ya cusa tsumma a wurin da lalube, don ba ya iya gani, ba ya kuma jin zafinsa. Namansa na ruɓewa a tazarar hannu ɗaya daga inda nake kwana, ni kuma ina matattakala ina tunanin kunu.

Na kira Kabiru. Ya ce gyambon kwanciya ne, kowa na yi, a asibitinsu za a sa masa auduga. “Babban abin kar a ɗaga ranar allura, Alhaji. Ƙwayoyin farko na jiran na biyu.” Na kashe wayar. Haj Abakar ya tsayar da mota, muka tafi asibitin da ake wa matarsa wankin ƙoda.

Suna ganin ramin suka wuce da shi ɗakin tiyata. Suka yanke mataccen naman, suka ce ƙwayar cuta ta fara shiga jini, saura kaɗan ta kai ƙashi. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ƙarin ruwa, allurai, sambatu. Yana kiran Inna, yana kiran Sale, yana faɗa wa yaran mota su ja igiya. Ni bai kira ni ba.

Da zazzaɓin ya sauka, likitar da ke duba shi ta zauna da ni. Mace ce mai furfura, ba ta dariya. Magana sai ta bi baki uku: ita da Turanci, tafintan asibiti da Larabci, Haj Abakar da Hausa. Na ce mata a hanzarta warkar da gyambon, muna da allura ta biyu, ta farko har ta fara aiki, ƙafar na motsi.

Ta yaye bargo, ta kama tafin ƙafar ta danna sama da ƙarfi. Ƙafar ta harba, ta yi rawa. Ta saki. Ta ce wa Hamma ya motsa babban yatsansa da kansa. Muka zuba wa yatsan ido. Bai motsa ba.

Ta ce wannan zaburar, lakar da ke ƙasa da raunin ce ke yinta ita kaɗai, ba da umarnin kai ba, kuma masu irin ciwonsa da yawa na yin haka ko an yi musu allura ko ba a yi ba. Na tuna wutsiyar ƙadangare in yara sun datse ta. Ta ce maganar ƙwayoyin ɓargo ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ana bincike a kai, wataƙila wata rana a kai ga wani abu. Amma a yau babu mai gaskiyar da zai yi mini alkawarin tafiya, kuma ita ba za ta yarda a soka allura a bayan da ke da buɗaɗɗen gyambo ba. Sannan ta juya ga Hamma ta tambaye shi da Turanci yaushe ƙafar ta fara haka. Wannan ban buƙaci tafinta ba.

Da Hausa ya amsa. “Tun a gida.”

Na fita baranda na kira Sale.

“Yaya, tana yi mana, kullum in ina masa wanka. Da na ji saƙonka na ɗauka wani motsin ne daban. Kuma Inna ta riga ta yi guɗa, me zan ce?”

Kowa a gidan ya san ƙafar nan na zabura. Ni kaɗai ne ban taɓa wuce bakin ƙofa ba.

Na koma na tambayi Hamma me ya hana shi faɗa mini.

“Na san ka, Baba. Da na faɗa, da ranar ka ɗaure kaya.”

Bai yi ƙarya ba.

Ma'aikatan jinya suka koya mini wanke gyambon, da yadda ake juya mutum a tokare shi da matashi. Hannuna da ya saba da buhu ya koyi auduga. Ina cikin wannan koyon matar Haj Abakar ta rasu. Mu kaɗan muka yi mata salla, yawancinmu ba mu san sunanta ba. Aka kai ta wata maƙabarta a bayan gari, kusa da titin jirgin ƙasa. Tsohon ya zuba ƙasa da hannunsa, ya ce mini, “Kakanninmu ma a hanya suka kwanta.” Ina tsaye a bakin kabarin nan na ga kaina ina zuba wa Hamma wannan baƙuwar ƙasar, in koma in tsaya gaban Inna hannu rabbana. A nan na yanke shawara. Kafin ya tafi, Haj Abakar ya bar mini sauran garin kuɓewarsu a leda.

Kabiru bai haƙura ba. Ya zo da ayaba da lemo, ya zauna kusa da Hamma, ashe sun daɗe suna magana ta waya. Ya ce likitocin manyan asibitoci hassada suke, ya ce ya san wani ɗan Yaman da sai a allura ta biyu ya tashi.

Na ce, “Kai ni in gan shi.”

“Ya koma ƙasarsu.”

“Mutumin bidiyon fa?”

“Alhaji, kai fa komai sai ka mai da shi ciniki. Ka zo bakin rijiya za ka koma da ƙishi.”

“Na leƙa rijiyar, Kabiru. Ɗauki lemonka.”

Bayan ya fita, Hamma ya yi mini maganar da bai taɓa yi ba. Yana kwance a kife, fuskarsa a matashi, saboda haka ba sai ya kalle ni ba.

“Baba, jikina ne. Ko da cikin dubu ɗaya ne ke tashi, ka bar ni in gwada. Mu jira gyambon ya rufe a yi.”

“In allurar ta kai cuta cikin lakar fa?”

“To sai me? Kana ganin wannan rayuwa ce? Kai kana da ƙafa.”

Na ce masa na ji, kuma jibi za mu tafi gida. Fasfo ɗinsa na aljihuna. Bai sake yi mini magana ba, a masauki, a filin jirgi, a Addis Ababa. A jirgi nakan tashi lokaci-lokaci in sa hannu a hammatarsa in ɗaga shi daga kujera don kar a danne gyambon, mutane na kallo, shi yana kallon taga.

Mutanen unguwa sun cika ƙofar gida ranar da muka iso. Da Sale ya buɗe bayan mota ya fito da keken, sai Inna ta juya ta shige ɗaki.

Gyambon ya ɗauki kusan shekara kafin ya rufe. Hamma na nan da rai, ya yi ƙiba, yana zama a shago a kekensa, ya fi ni iya ciniki ta waya. Ƙafar ba ta dawo ba. Wankan safe Sale ke yi, juyin rana ni nake yi, nakan bar kasuwa in zo. Inna ta yi faɗa a kan haka har ta gaji.

Muna magana yanzu, ta riɗi, ta farashi, ta direbobi. Ta Indiya sau ɗaya ta taso. Ina gyara masa matashi ran nan bayan azahar, sai ya ce, ba da faɗa ba:

“Baba, da ka bari an yi ta biyun, da yanzu na sani.”

Na ce masa, “Kama wuyana,” na juya shi ɓangaren hagu.